Kumbon Dako: Ayarin Da Ke Tafiya Ba Madugu

Tun daga ranar 2 ga watan Nuwamba na shekarar 2000 ba a sake wayar gari ba face akwai waɗansu 'yan Adam da suka kwana a wajen wannan duniya. Masaukinsu shi ne Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa, wani gida na ƙarfe mai ɗakuna a jere, wanda nauyinsa ya haura tan 400, yana kewaya duniya a nisan kilomita 400 ko abin da ya yi kusa da haka daga doron ƙasa. Gudunsa ya kai kilomita 28,000 a sa'a guda, saboda haka cikin minti 90 da 'yan kai ya gama kewaye ɗaya, mazauna cikinsa kuwa su ga hudowar rana da faɗuwarta har sau 16 a kwana guda. Galibi mutum bakwai ke zaune a ciki, waɗansu su yi wata shida, waɗansu har shekara.

Sunayen waɗannan mutane da hotunansu su ne ke cika jaridu. Amma duk wanda ya taɓa riƙon gida ya san tambayar da ta fi wannan nauyi, watau me za su ci, me za su sha, kuma wa zai kai musu? Can babu rijiya, babu kasuwa, babu maƙwabcin da za a aiki yaro ya karɓo gishiri, gona kuwa sai 'yan ganyayen da ake shukawa domin gwaji. Ko iskar da mutum zai shaƙa sai an tanada. Abin da ke ɗauke da wannan ɗawainiya wani irin kumbo ne da ba a cika jin labarinsa ba sai ran da ya lalace. Ba ya ɗaukar mutum ko ɗaya, ba direba ba fasinja. Ana cika shi da kaya, a ɗora shi bisa roka, a harba, ya nemi tashar da kansa, ya sauke, sa'an nan a ɗora masa shara ya juyo.

Asalin abin

Tashoshin farko ba su san wannan gata ba. Salyut ta 1, wadda Tarayyar Sobiyet ta harba a 1971, da Skylab ta Amurka ta 1973, duk da guzurinsu a ciki aka tura su, in ban da ɗan abin da baƙi suka riƙo a hannu. In guzuri ya ƙare, zama ya ƙare. Ita Skylab ma, bayan ayarinta na ƙarshe ya yi kwana 84 ya sauko a 1974, sai aka bar ta tana ta zamowa ƙasa sannu sannu ba mai tallabarta, har ta tarwatse a 1979, guntayenta suka zuba a yammacin Ostareliya.

Masu ƙira na Rasha suka duba al'amarin suka ga maganinsa ƙofa ce. Tasha mai ƙofa ɗaya, in kumbon da ya kawo mutane ya liƙe a wurin, to, ba inda baƙo zai tsaya. Saboda haka Salyut ta 6, wadda aka harba a watan Satumba na 1977, aka yi mata ƙofa biyu, ɗaya a goshi ɗaya a ƙeya. Kana suka ɗauki kumbon Soyuz mai ɗaukar mutane suka yi masa kwaskwarima. Suka fid da ɗakin saukowa, da kujeru, da garkuwar da ke kare zafi, da laimar sauka, da dukan na'urorin da ke raya mutum, suka zuba tankunan mai a gurbinsu. Gaba rumbun kaya, tsakiya tankuna, baya inji. Suka raɗa masa suna Progress, watau ci gaba.

Na farkonsu ya tashi daga filin Baikonur na ƙasar Kazakistan ranar 20 ga Janairu, 1978, ɗauke da kaya tan biyu da 'yan kai, bayan kwana biyu ya liƙe a ƙofar baya ta Salyut ta 6. Yuri Romanenko da Georgi Grechko ne ke ciki. Suka kwashe abinci da kayan aiki, mai kuwa aka tura shi ta bututu daga tankin kumbo zuwa na tasha, abin da ba a taɓa yi ba a sararin samaniya kafin wannan lokaci. Mutanen nan biyu suka cika kwana 96 kafin su sauko, suka shafe abin da mutanen Skylab suka kafa. Daga nan tsawon zama ya daina rataya ga girman rumbu, ya koma ga juriyar jikin mutum. Har yau zuriyar wannan kumbo ce ke yi wa ɓangaren Rasha dako, an sauya kayan cikinsa sau da yawa, amma ƙirar tana nan.

Yadda yake gane hanya

Mai karatu zai zaci abin kamar bin mota ne a kan titi, a ƙara wuta a cim mata. Ba haka ba ne. A falaki, abin da ya fi kusa da ƙasa shi ya fi saurin gama kewaye, wanda ya yi sama kuwa jinkiri yake yi. Kumbon da ya buɗe wuta domin ya kamo tashar, sama zai hau, jim kaɗan sai ya ga tana ƙara yi masa nisa. Domin haka ake sakinsa a ƙarƙashinta kuma a bayanta, ya yi ta rage tazara a kowane kewaye, yana hawa kaɗan kaɗan, har su zo daidai. Lokacin tashi ma ba na zaɓi ba ne. Tashar na bin hanyarta, duniya na juyawa a ƙarƙashinta, sai filin harbi ya shigo daidai ƙarƙashin hanyar nan ake kunna roka. In sa'ar ta kuɓuce, sai a haƙura sai wata rana.

Da can tafiyar takan ci kwana biyu. Da lissafi ya ƙara kyau, Progress ya riƙa isa cikin sa'a uku da 'yan mintoci, wani kumbon ƙasar Sin mai suna Tianzhou na 5 kuwa ya isa tasharsu ta Tiangong cikin sa'a biyu da 'yan mintoci a watan Nuwamba na 2022.

Wuyar aikin tana ƙarshe. Abubuwa biyu ne, kowanne yana gudun da ya ninka na harsashi, amma a tsakaninsu dole kusantar ta zama a hankali ƙwarai, ƙasa da taku ɗaya a daƙiƙa. Progress yana da wata na'ura da ake kira Kurs, wadda ke magana da 'yar'uwarta ta jikin tasha ta hanyar rediyo, tana auna nisa da sauri da karkata, ita ce ke ja masa gora har ƙugiyoyi su kama. Akwai kuma wata dabara ta dabam wadda Jafanawa suka fara aiki da ita a 2009. Kumbon yakan zo ya tsaya cik, kamar mita 10 a ƙarƙashin tashar, ya kashe injinsa, sai wani daga cikin mazauna ya miƙa dogon hannun ƙarfen nan da ƙasar Kanada ta ƙera, mai tsawon mita 17 da ɗoriya, ya cafke shi, a jawo shi a ɗaure a bakin ƙofa.

Ran da aka so tsimi

Abin da ke faruwa in wannan kusanta ta ɓaci, an gan shi a tashar Mir ta Rasha ranar 25 ga Yuni, 1997. Na'urar Kurs a ƙasar Yukren ake ƙera ta. Da Tarayyar Sobiyet ta wargaje, sai ya zama saye ake yi da tsada, ga shi kuwa kowane Progress da ita yake ƙonewa in ya gama aiki, baitulmalin Rasha kuma a lokacin ya bushe. Shugabannin aikin suka ce bari a gwada ko mutum zai iya jawo kumbon da hannu daga nesa, yana cikin tasha, yana kallon hoton talabijin da kumbon ke aikowa, yana sarrafa shi da 'yan sanduna biyu. An gwada a watan Maris na shekarar, hoton bai fito ba, kumbon ya wuce ta gefen tashar da ƙyar. Maimakon a bar maganar, sai aka ce a sake, kuma a wannan karo a kashe na'urar awon nisa, domin ana zargin ita ce ta hana hoton fita.

Vasili Tsibliyev, shugaban tashar, shi aka ɗora wa aikin. Aka cire Progress M-34, cike da shara, aka nisanta shi, aka ce ya komo da shi. A allon da ke gabansa Mir ɗin kanta ɗigo ce da ke ɓacewa cikin gizagizan duniya, ba abin da ke gaya masa nisa, ba abin da ke gaya masa sauri. Abokansa biyu, Aleksandr Lazutkin da Michael Foale na Amurka, suna ta bin tagogi suna neman kumbon da ido ba su gan shi ba. Da Lazutkin ya hango shi ya riga ya zo kusa, kuma da gudu. Birki bai isa ba. Ƙarfe mai nauyin tan bakwai ko kusa da haka ya daki fiffiken da ke mai da hasken rana lantarki, ya kuma bugi jikin ɗakin da ake kira Spektr ya huda shi.

Kunnuwansu ne suka fara ba su labari, domin iska ta soma zurarewa. Dabarar da ta rage ita ce a rufe ƙofar Spektr a raba shi da sauran gidan, amma wayoyin lantarki da yawa sun ratsa ta bakin ƙofar. Lazutkin ya sa wuƙa, wata waya ta yi tartsatsi, suka koma cire su ɗaya bayan ɗaya daga mahaɗinsu, har suka samu suka toshe ƙofar da murfi kafin iskar ta yi ƙarancin da zai tilasta musu gudu. Ba wanda ya mutu. Amma tashar ta rasa kusan rabin wutarta, Foale ya rasa makwancinsa da kayansa da ke cikin ɗakin, Spektr kuma ba a sake zama a cikinsa ba har ƙarshen Mir. Da farko Tsibliyev aka nuna da yatsa. Adalci kuwa shi ne, wanda aka rufe wa ido aka ce ya zura zare a allura, ba shi kaɗai ke da laifin tsire yatsa ba. Garin neman gira aka kusa rasa ido, kuma ba a sake irin wannan gwaji ba.

Rumbu da lissafinsa

Haɗarin da ya fi yawan damun masu kula da tasha ba karo ba ne, jinkiri ne. Ranar 1 ga Fabrairu, 2003, jirgin Columbia na Amurka ya tarwatse yana saukowa, mutum bakwai suka halaka, aka dakatar da irin waɗannan jirage har zuwa watan Yuli na 2005. Su ne kuwa ke kai manyan kaya da ruwa mai yawa. Tashar ƙasa da ƙasa ta koma dogaro ga Progress kaɗai, dole aka rage mazaunanta daga uku zuwa biyu. A watan Disamba na 2004 aka gano lissafin rumbu ya rikice, abincin da takarda ta ce yana nan an riga an ci. Aka umurci Leroy Chiao da Salizhan Sharipov su rage ci, suna cike gurbin da alewa da kayan zaƙi, aka kuma shirya cewa in kumbo mai zuwa ya kasa isa, sai su rufe gidan su sauko. Ya isa ranar Kirsimeti.

Wannan ya koya wa kowa cewa ba a rataya gida kan igiya ɗaya. Ƙasashen Turai suka ƙera nasu, ATV, wanda ya yi tafiya biyar daga 2008 zuwa 2015, yana tashi daga Kourou a Kudancin Amurka. Jafan ta yi Kounotori, sunan wani tsuntsu dangin shamuwa, ya yi tafiya tara daga 2009 zuwa 2020 ba tare da ya ɓata ko ɗaya ba, shi ne ma ya kai manyan baturan da aka sauya wa tashar. Magajinsa ya fara tashi a 2025. Amurka kuwa, da ta yi niyyar ajiye jiragenta, abin da ta cika a 2011, sai ta ba 'yan kasuwa kwangilar dako. Dragon na kamfanin SpaceX ya isa tashar a watan Mayu na 2012, shi ne kumbon kamfani na farko da ya yi haka, Cygnus na kamfanin Orbital Sciences ya biyo baya a 2013.

Amfanin yawan igiyoyin ya bayyana cikin wata takwas masu wuya. Ranar 28 ga Oktoba, 2014, rokar Antares da ke ɗauke da Cygnus ta fashe 'yan daƙiƙoƙi bayan tashinta daga tsibirin Wallops a jihar Bajiniya. Abin mamaki, injunanta tsofaffi ne da Sobiyet ta ƙera shekaru arba'in da suka gabata domin rokar zuwa wata, aka saye su aka gyara. Ranar 28 ga Afrilu, 2015, Progress M-27M ya rabu da rokarsa da rauni, ya kama juyi kamar katantanwa, masu kula da shi suka yi ta kira bai amsa ba, har ya ƙone a saman tekun Fasifik ranar 8 ga Mayu. Ranar 28 ga Yuni kuma rokar Falcon 9 da ke ɗauke da Dragon ta wargaje bayan minti biyu da 'yan daƙiƙoƙi da barin Cape Canaveral. Bincike ya nuna wani ɗan ƙarfe ne mai riƙe da tulun iskar gas a cikin tanki ya karye. A cikin abin da ya salwanta har da rigar fita waje da sabuwar mahaɗar ƙofa, da gwaje-gwajen waɗansu 'yan makaranta da suka riga suka yi hasarar na farko a gobarar Oktoba suka sake haɗawa.

Hanya uku, ƙasa biyu, duk sun yi tuntuɓe. Gennady Padalka da Mikhail Kornienko da Scott Kelly ne ke sama a lokacin, biyun ƙarshe suna tsakiyar zaman kusan shekara guda. Ba su shiga halin da aka shiga a 2004 ba, domin ba a fafe gora ranar tafiya: an riga an mai da shi ƙa'ida a ajiye abincin watanni a gaba, hukumar NASA ta ce abin da ke rumbu zai kai su Oktoba. Ranar 5 ga Yuli wani Progress ya iso lafiya, a watan Agusta kuma Kounotori na 5 ya zo, Kimiya Yui ɗan ƙasar Jafan ya cafke shi da hannun ƙarfe.

Siyasar ƙasa ma takan hau can. Antares ta baya, gangar jikinta a Yukren ake ƙera ta, injinta a Rasha. Da yaƙi ya ɓarke tsakanin ƙasashen biyu a 2022, sai kayan suka yanke, ta yi tashinta na ƙarshe a watan Agusta na 2023, daga Janairu na 2024 kuwa Cygnus ya koma hawa rokar abokin gasarsa SpaceX.

Abin da ke cikin kunshin

Mafi yawan kayan ba abin sha'awa ba ne: abinci na gwangwani da busasshe wanda ake jiƙawa, tufafi, magunguna, matatun iska, kayan gyaran bandaki, na'urorin bincike. Ba a wanki a tashar, domin ruwa ya fi tufa tsada. Riga in ta yi datti sai a jefa ta a buhun shara. Ruwan ma an rage dakonsa ƙwarai, gama akwai injin da ke tara gumi da tururin numfashi da fitsari ya tace su su koma ruwan sha, a 2023 NASA ta ba da sanarwar cewa a ɓangarenta ana maido da kashi 98 cikin 100. Daga wannan ruwa kuma ake fid da iskar shaƙa, a raba shi da ƙarfin lantarki.

Abin da ake sawa a ƙarshe, dab da rufe murfi, shi mazauna suka fi ɗoki: tuffa, lemo, tumatir, albasa, tafarnuwa, da 'yan ƙunshe-ƙunshe daga iyali. Mutumin da ya yi wata huɗu yana cin abin leda, albasa ɗanya a wurinsa ba ƙaramar kyauta ba ce.

Akwai wani aikin da ba a gani a cikin kunshi. Ko a can sama akwai ragowar iska siririya da ke goga jikin tashar tana rage mata gudu, tana jawo ta ƙasa kullum. In an ƙyale ta, makomar Skylab za ta samu. Saboda haka lokaci lokaci Progress da ke liƙe a baya yakan kunna injinsa na 'yan mintoci ya tura gidan gaba ɗaya sama, haka kuma ake yi in an hango wani guntun ƙarfe zai gitta a kauce masa.

Komowa

Bayan watanni a bakin ƙofa, sai a cika rumbun da aka kwashe da tsummoki da gwangwanaye da na'urorin da suka mutu da ƙazantar bandaki, a rufe, a sake shi. Progress da Cygnus da Tianzhou ba su da garkuwar zafi, kuma da gangan aka yi su haka. Sukan juya su taka birki, su faɗo cikin iskar duniya a saman kudancin tekun Fasifik, zafin gogayya ya cinye su, abin da ya ƙi ƙonewa ya nutse a wani yanki inda tudu mafi kusa ke da nisan kilomita 2,700 ko kusa da haka. Tun da dai ƙonewa zai yi, daga 2016 masana suka riƙa cinna wuta da gangan a cikin wani akwati a cikin Cygnus bayan ya bar tashar, domin su ga yadda gobara ke ci inda babu nauyi, gwajin da ba mai hankalin da zai yi shi a gidan da mutane ke kwana. Dragon kaɗai ke komowa da kaya masu yawa. Yana da garkuwa da laima, yakan sauka a teku kusa da gaɓar Amurka, ɗauke da jini da sauran samfurori a cikin firji, jirgin ruwa ya tsamo shi a gaggauta kai su ɗakunan bincike.

Ita tashar kanta ta wannan hanya za ta bi. Mir, bayan shekara 15 a sama, wani Progress ne da aka aika mata cike da mai ya taka mata birki ranar 23 ga Maris, 2001, ta faɗa kudancin Fasifik. Tashar ƙasa da ƙasa ta ninka Mir nauyi sau uku, ƙarfin Progress ba zai ishe ta ba. An tsara za ta yi aiki zuwa 2030, a watan Yuni na 2024 kuwa NASA ta ba SpaceX kwangilar da za ta iya kai dala miliyan 843 domin ya ƙera kumbon da zai sauko da ita. Bisa ƙirar Dragon na dako za a gina shi, a tsawaita bayansa, a cika shi da mai da injuna, ya liƙe a goshin tashar ya jira har mutanen ƙarshe su fita su ja ƙofa.